Yadda Manaja Pan Ya Saka Fanka A Kwamfuta

A layinmu na bayan kasuwa a Changhua, in ka ce "Manaja" ka yi shiru, kowa ya san da wa kake. Pan Yao-tsung ne, mutumin da ya buga wa kansa kati da wannan suna tun kafin a nuna masa kujerar da zai zauna.

Ni Luan, shekarata ashirin da biyu ina haɗa kan fanka a masana'antar Maigida Liao. Sunan ne dai masana'anta, amma doguwar rumfar kwano ce, mu goma sha tara a ciki, gidan Maigida a sama. Pan kuwa aure ne ya kawo shi, 'yar Maigida ta fari yake aure. Ya taɓa yin wata takwas a wani babban kamfani a Hsinchu, kuma in yana ba da labarin wurin sai ka rantse shi ya haƙa harsashinsa. Ba ya shan shayi bai ambaci Hsinchu ba. Matarsa ce wata rana bakinta ya suɓuce, ta ce aikinsa a can raba wa baƙi katin shiga ne a bakin ƙofa. Muka ji, muka adana.

Ana shiga zafi kwamitin haikalin unguwa ya ba mu aikin fanka ta tsaye guda ɗari biyar, za a raba wa tsofaffi ranar bikin haikali, saura kwana ashirin da huɗu. Ga Maigida wannan ya wuce ciniki. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka ɗora wa haikalin rufi, kuma rabin tsofaffin da za a ba fankar sun san shi tun yana yawo ba wando.

Yadda muka saba, irin wannan aiki a hannun Kawu Tu yake. Shi ne mai sito, shekara talatin, yana da baƙin allo a bango da alli a bayan kunne. In an ce fanka ɗari biyar, sai ya lumshe ido, ya motsa leɓe, ya rubuta abin da za a sayo da ranar da za a kira kowa. A ofis kuma akwai akanta, Kan Pi-yun, mace marar hayaniya, da manhajar lissafi da take buga rasit da albashi.

Ranar da aka kawo aikin muna cin shinkafar rana a bakin rumfa, Pan ya miƙe da cinyar kaza a hannu ya ce yana da sanarwa. Ya ce manhajar nan da ke ofis doki ce aka ɗaure ana dakan hatsi a inuwarta. Akwai wani sashe a cikinta da ake rubuta jerin kayan haɗi hawa-hawa, kuma shi zai cika shi cikin kwana uku.

"Fanka uwa ce," in ji shi, yana nuni da cinyar kazar. "'Ya'yanta uku, kai da sanda da gindi. Kai ma yana da nasa 'ya'yan, inji da fuka-fukai da raga. Inji yana da nasa, kwayil da boris da sauransu. Ka faɗa wa kwamfuta zuriyar nan sau ɗaya, ka ce mata ɗari biyar, ita za ta bi daga kaka har tattaɓa-kunne ta ƙirga, ta duba sito, ta aika wa masu kaya oda da kanta. Haka muke yi a Hsinchu."

Maganar gaskiya, abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Pi-yun ta daɗe tana son a yi hakan, ba ta dai samu mai saurarenta ba. Ta ce masa a hankali za ta taimaka, kuma zai fi kyau a bi teburi-teburi a tambayi kowa abin da yake sakawa. Pan ya yi mata murmushin tausayi, ya ce ta ci gaba da rasit ɗinta.

Kawu Tu bai ɗago daga shinkafarsa ba ya tambaya ko kwamfutar ta san mai raga ba ya ɗaga waya ranar Litinin.

"Kawu, zamanin alli ya wuce."

"To. Alli dai bai taɓa cewa in jira ya gama buɗewa ba."

Maigida ya dubi wannan ya dubi wancan. Mutum ne da ba ya son kunyata suruki a gaban ma'aikata, ga 'yarsa da tsohon ciki a sama. Ya ce a gwada.

Pan ya ɗauki fanka ɗaya ya kai ofis, ya warware ta a kan teburin Pi-yun, ya rufe ƙofa. Ya ƙi sa wa kayan sunayensu, wai a manyan wurare lamba ake ba su: fanka 1000, kai 1100, haka har ƙasa. A rana ta biyu yunwa ta kama shi, ya miƙa hannu ya ɗauki koriyar ledar gugguru da ke kan kwamfuta, wadda kowane ofis ke ajiyewa don na'ura ta yi ladabi, ya farke ya cinye. Pi-yun ta dafe ƙirji. Ya ce camfi ne, ya karkaɗe hannu a wando. A rana ta uku ya kira mu duka mu ga yadda zai danna maɓalli. Ya danna, ya juyo yana jiran tafi. Biyu daga cikinmu suka tafa saboda suna tsaye kusa da Maigida.

Washegari mai sayar mana da sukuru daga kudu ya bugo waya, cikin ladabi yana tambaya ko gada muka samu kwangilar ginawa. Pan ne ya ɗauka. Ya ce masa kamfani ne ke girma, in ba zai iya ba akwai masu iyawa. Mutumin ya ce to, abin da ke ƙasa zai fara aikowa.

Bayan kwana biyu, da yamma lis, wata babbar mota ta kutso kai cikin layinmu, layin da in babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkata. Ta zo ƙofarmu ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Direba ya sauko da takarda ya ce kwali dubu uku ne, sauran dubu tara suna nan tafe.

Abin da ya faru shi ne, kan fanka yana cin sukuru goma sha biyu. Pan ya rubuta su a ƙarƙashin kai, daidai. Sai kuma ya sake rubuta su a ƙarƙashin uwar fanka, wai don kada a manta, suka zama ashirin da huɗu. A wurin ma'auni kuma maimakon ƙwaya ya bar kwali, kowane kwali sukuru dubu. Kwamfuta ba ta yi musu ba. Ta nemi sukuru miliyan goma sha biyu.

Daidai lokacin ne motar shara ta iso bakin layi tana kiɗanta, ta tarar an toshe. Maƙwabta duk sun fito da ledojinsu kamar kullum, suka yi cirko-cirko. Inna Hung mai taliya, wadda shagonta ke kallon namu, ta taho da bokitin ragowar miya ta dire a gaban Pan.

"Manaja, kai mai ilimi ne. Wannan a ƙarƙashin wa zan rubuta shi?"

"Inna, ɗan jinkiri ne na ci gaba."

"Ci gaban ne ya tsaya a kan tiyon ruwana?"

Sai da aka yi awa guda motar tana ja da baya, mutum ashirin suna ba direba umarni ashirin. Ta tafi da rumfar mai gyaran babur a madubinta. Maigida ya yi ta sunkuya wa waya yana ba mai sukuru haƙuri kamar mutumin yana gabansa, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Pan kuwa ya bi mu teburi-teburi yana bayani cewa kwamfutar ba kuskure ta yi ba, hangen nesa ta yi, don ko ba daɗe ko ba jima za mu buƙaci sukurun. Kawu Tu ya lumshe ido ya motsa leɓe, ya ce haka ne, nan da shekara ɗari da sittin.

Mun ɗauka shi ke nan. Amma matar Maigida ta sauko ta yi magana da mijinta a bayan injin matsa raga, ya fito ya ce a ƙara wa yaro dama.

Pan ya koma ya gyara sukuru, ya ga tunda hannunsa na ciki bari ya ƙara wa jerin kyau. Ya danna maɓalli. Wannan karon kwamfuta ba ta aika komai ba. Wani ɗan da'ira ya fito a tsakiyar allo yana juyawa. Ya juya har aka ci abincin rana. Ya juya har aka tashi. Albashinmu na cikin wannan kwamfuta, ga wata ya zo ƙarshe, don haka kowa ya samu dalilin wucewa ta ƙofar ofis ya leƙa. Pan yana zaune ya harɗe ƙafa, yana cewa lissafi mai zurfi ne, a Hsinchu har kwana biyu yakan ɗauka.

Da safe Inna Hung ta tare ni da labari tun ban kafe babur ba. Ta ce ta ga Manaja a kantin kan kwana ya sayi ledar gugguru uku ya cusa cikin riga. Muka shiga muka same su jere a kan kwamfuta, dukkansu ruwan ɗorawa. Kawu Tu ya leƙo ya ce ai ko ɗan yaye ya san koriya ake sawa, wannan launin ƙara mata taurin kai zai yi. Pan ya ce shi don ci ya saya.

Ya fita sayen shayi, Pi-yun ta zauna a kujerarta. Minti goma ta gano. A cikin 'ya'yan kai, inda ya so rubuta lambar raga, 1110, ya zaɓi 1000, wato fanka sukutum. Ya zama fanka na buƙatar kai, kai na buƙatar fanka, ita kuma wannan fankar na buƙatar wani kan. Kwamfuta ta kwana tana neman inda zuriyar ta ƙare.

Da ya dawo ta faɗa masa a kunne don kada a ji. Ya ɗaga murya ya ce ai tun jiya ya gani, gwada ta yake yi, kuma ta ci. Ta ce bari ta goge layin. Ya ce a'a, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Daga baya ne muka san abin da ya yi. Shafin uwar fanka ya buɗe maimakon na kai, ya goge layi ɗaya. Da'ira bai daina juyawa ba. Ya lalubo shafin gaskiya ya goge wanda ya kamata. Na farkon kuma bai mayar ba, don bai san me ya goge ba, lamba ce kawai, 1200. Sanda ke nan, ita da 'ya'yanta duka.

Allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa, alamar ba abin da ya rage a sayo. Pan ya ɗauki hoton allon ya aika wa kowa a waya. Daɗi ya ɗebe shi ya wuce sito da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce jeri biyu a gida ɗaya rikici ne, ya goge allon Kawu Tu tas.

Kawu ya dubi allon. Ya cire allin daga bayan kunne ya ajiye a kan teburi, ya hau sama ya gaya wa Maigida yana son hutun da bai ɗauka ba shekara shida, zai je Penghu kamun kifi wurin ƙanensa. Da zai fita ya tsaya a teburina.

"Luan, in kun neme ni ku tambayi kwamfuta inda nake."

Kwana goma sha biyu aiki ya tafi sumul, don kayan kai duk sun zo. Muna haɗawa, muna maƙala kowane kai a jikin teburi mu kunna mu ji ƙararsa, mu jera. Pan yana zagayawa hannu a baya, yana gaya wa masu kawo kaya cewa ya kusa fara koyar da wasu masana'antu, amma ba kyauta ba. Sanda kuwa dama ita ke zuwa ƙarshe saboda cin wuri, Kawu ne ke kiran mai yi mata ruwan azurfa kwana goma kafin a buƙace ta. Ba wanda ya yi tunaninta.

Saura kwana huɗu biki muka gama kai na ɗari biyar. Na shiga sito ɗauko sanda, na ƙirga, na sake ƙirgawa, na wuce ofis.

"Manaja, sanda goma sha ɗaya ce a sito."

"Ba zai yiwu ba, Yaya Luan. Dubi allo, kore ne."

"To taso ka ɗebi koren ka soka wa fanka."

Maigida ya kira Kawu Tu, waya ba ta shiga, yana tsakiyar teku. Ya kira mai sanda, mutumin ya ce kwana goma ne ko uwarsa ce ta zo da kanta. Maigida ya zauna a kan kwali ya riƙe kai. 

Pan ya ɓace awa uku. Muna cewa ya gudu, sai ga shi a gaban mota yana ɗaga mana hannu kamar ɗan takara. Wani abokin karatunsa a Taichung yana ƙera kayan asibiti, kuma yana da sandar rataye ledar ƙarin ruwa guda ɗari biyar da aka ƙi karɓa saboda fenti bai yi ba. Kaurinta daidai da wuyan fankarmu. Illa dai a manne take da nata gindin, mai ƙafa biyar, kowace ƙafa da taya. Pan ya ce wannan shi ake kira kayan maye, manhajar ma tana da gurbinsa, kuma in an duba da kyau ci gaba ne, fankar da za ta bi tsoho duk ɗakin da ya shiga.

Maigida ya zagaya sandar sau uku yana tsotsar haƙori. Gaba kura, baya siyaki. Ya ce a yanke ƙugiyoyin sama, a ɗaura jan ƙyalle, Allah ya rufa asiri. Kwana uku muna yanka muna ɗaurawa. Na ce wa Pan ya kamata a kunna ko guda ɗaya a ƙasa a gani. Ya ce kawunan duk an gwada su, gwaji biyu ɓarnar lokaci ne.

Ranar biki farfajiyar haikali ta cika. Tsofaffi a kujerun roba layi-layi, masu ganga a gefe, dogon teburin hadaya cike da abarba da jajayen waina da tulin takardun da ake ƙonawa don magabata. An jera fanka arba'in a gaba a kan daɓen dutse mai santsi, sahu biyu, duk a wayar wuta ɗaya, sauran suna cikin mota. Shugaban kwamiti, Dattijo Shih, ya sa fararen kaya.

Tun kafin a fara na ji ƙus-ƙus ya tashi a layin gaba. Mun yanke ƙugiya, mun ɗaura ƙyalle, amma ba wanda ya san sandar ƙarin ruwa kamar tsoho. Wata kaka mai sandar dogarawa ta miƙa wuya ta ƙura ido, ta ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, ita da wannan abin sun yi kwana goma sha takwas tare bara, har banɗaki yake raka ta. Wani tsoho a bayanta ya tambaya ko gadon ma za a bayar, ko sai an kwanta tukuna.

Maigida ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Pan kuwa ya karɓi makirufo daga hannun Dattijo Shih tun bai gama gabatarwa ba. Ya yi bayanin uwa da 'ya'ya da jikoki. Ya ce abin da suke gani ba hannu ne ya tsara shi ba, ilimi ne. Ya ambaci Hsinchu sau huɗu, na ƙirga. Sannan ya ce a yi shiru a ji iskar zamani, ya sunkuya ya danna makunni. Ashe tun da safe ya bi su ɗaya-ɗaya ya murɗa kowace zuwa lamba uku, ya saki kawunansu su riƙa waige.

Iska ta bugo, tsofaffi suka lumshe ido, har wasu sun fara gyaɗa kai. Sai sahun baya ya motsa. Fankar tana tura iska gaba, iska tana tura ta baya, ga taya, ga santsi, ga farfajiyar da ɗan gangare saboda ruwan sama. A hankali suka fara, kamar masu jin kunya. Kafin a ƙifta ido arba'in ɗin duk sun kama hanya, kuma da yake kawunansu na waige, kowace ta ɗauki tata alƙiblar. Wasu suka nufi masu ganga, masu ganga suka watse da gangunansu a ka. Uku suka haɗa kai suka juya wa teburin hadaya, takardun ƙonawa suka tashi sama kamar farin ɗango. Ɗaya ta tsaya daidai kaskon turare ta yi waige ɗaya, tokar shekara guda ta sauka a kan Dattijo Shih da fararen kayansa.

Pan ya ruga yana ware hannu yana tare su kamar mai korar awaki, makirufo na hannunsa, don haka duk unguwa ta ji yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya mana, don Allah." Ya cafke ɗaya, biyu suka zagaye shi, wayoyinsu suka naɗe masa ƙafa. Ya yi taku ɗaya ya tafi da baya, ya zauna daram a cikin farantin jajayen waina. Kakar nan ba ta ko tashi ba, ta miƙa sandarta ta tokare wadda ta nufo ta, ta ce da ita, "Ni na warke, je ki nemi wani."

Ni ce na tuna da soket, na je na zare. Fankokin suka tsaya, takardu suna saukowa a hankali a kan kawunan jama'a. Sai wani tsoho ya fara dariya har da tari, layin gaba ya ɗauka, ta bazu har bakin titi. Dattijo Shih ma, fuska fari fat da toka, kafaɗunsa rawa suke.

Maigida ya ɗauki makirufo daga ƙasa. Bai ambaci kwamfuta ba, bai ambaci suruki ba. Ya sunkuya har ƙasa ya ce laifin gidansa ne, kowa ya tafi da fankarsa ya jingina ta da bango, nan da kwana goma za a bi gida-gida a sa mata ƙafarta ta gaskiya. Tsofaffi suka karɓa, suka fita suna tura su a titi ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon magani ya ce da ya hango su ya ɗauka asibiti ne aka sallama gaba ɗaya.

Kawu Tu ya dawo bayan kwana biyar, ya yi baƙi, da ƙunshin busasshen kifi. Tun a jirgi aka nuna masa bidiyon da aka ɗauka ranar biki. Ya nemi a sake nuna masa wurin wainar. Shi da Pi-yun suka ɗauki kujera biyu suka bi teburi-teburi, kowa ya faɗi abin da yake sakawa da adadinsa, tana rubutawa da sunan da muke kiran abin, shi kuma yana faɗin kwana nawa kowane mai kaya ke ɗauka. Yamma biyu suka gama. Ta danna ɗari biyar don gwaji, abin da ya fito ya yi daidai da na kan Kawu, ban da noti shida, kuma da aka bincika kwamfutar ce da gaskiya. Kawu ya ce sa'ar 'yar koyo ce.

Hukuncin Pan kuwa Maigida ya yanke shi a gajarce. Shi zai ɗauki sanduna, ni in riƙe sukudireba, mu bi gida ɗari biyar. Mako biyu muka yi a ƙaramar motar kamfani, yawancin gidajen hawa uku ko huɗu ba na'urar hawa. Manaja ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, har na fara jin tausayinsa.

Gida na ƙarshe na wani tsoho ne a bayan gonar gwaiba, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa biki, jikarsa ce ta karɓo masa. Ya ɗaure fankar da igiya a ƙafar gado. Yana kallonmu muna aiki, ya ce shi dai yana son ya san wane mai kan kabewa ne ya sa wa fanka taya.

Na ci gaba da ɗaure sukuru, ban ɗago ba. Pan ya share gumi, ya gyara wuyan riga.

"Wani ne, Baba, bai san aiki ba. Shi ya sa aka kira ni in gyara."

Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce da ana samun matasa irinsa da ƙasa ta gyaru. Ya aiki jikarsa ta ciko leda da gwaiba, ya ce ta Manaja ce shi kaɗai.

A mota na ce to, Manaja, ko ɗaya ba za a ɗanɗana wa lebura ba? Ya zaɓi mafi ƙanƙanta ya miƙo mini. Ya tada mota, ya ce dama akwai shawarar da yake son kai wa Maigida game da yadda ake biyan albashi.

Na ajiye gwaibar, na ciro waya na kira Pi-yun.